Hoton Kobek Ɗaya: Abubuwan Ban Mamaki Daga Bangon Talakan Rasha

Yau akalarmu ta karkata Rasha, ƙasar dusar ƙanƙara, inda tun kafin a san kyamara manomi ke fitar da kobek ɗaya ko biyu, wato kwabon ƙasarsu, ya sayi hoton masu sana'a irinsa ya manna a bango. Ku gyara zama, kayan da yawa.

Allo da tawada

Sunan wannan hoto lubok, kuma tun ƙarni na 17 yake yawo a kasuwannin Mosko: a sassaƙa zane a jikin allo, a shafa tawada, a danna takarda, a ɗaga. Allo ɗaya sai ya haifi ɗaruruwan hotuna kafin ya lalace. Kaza ce mai ƙwai, ba ta neman tsaba.

Masana da dama na danganta sunan da lub, ɓawon ciki na wani itace da suke kira lipa. Da katakonsa ake fafe allon, da ɓawonsa kuma ake yin kwandon da ake tallar hotunan a ciki. Itace ɗaya, ya ba da kaya ya ba da mazubi.

Mai sassaƙa dole ya yi komai a juye, har rubutu, domin in an buga ya fito daidai. Da hankalinsa zai ɗan tafi wani wuri, sai harafi ya fito ya juya wa mai karatu baya. Sana'ar nan ba ta mai gyangyaɗi ba ce.

A tsakiyar ƙarni na 18 farantin jan ƙarfe ya ture katako, sannan wajen 1816 bugun dutse ya iso Rasha: a yi zane da alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen, tawada ta bi maiƙo ta guje wa ruwa. Tsohuwar gabar ruwa da mai, ga ta tana ciyar da gidaje.

Na'urar bugu baƙi kawai take bayarwa, launi kuwa aikin matan ƙauye ne, musamman na Nikolskoye kusa da Mosko, waɗanda ake kai wa takardu dami-dami. Burushin da yawansu ƙafar zomo ce busasshiya. Zomo ya yi gudu da rai, ya yi fenti bayan rai.

Launukan ba su cika wuce uku ko huɗu ba, ja, kore, rawaya da shunayya, kuma saboda sauri na riga kan malalo kan wando. Rashawa na kiran wannan shafi “bisa hanci”, kuma masu saye sun fi son hoton da ya fi haske. In dai ya yi wal, ciniki ya faɗa.

Tsakanin 1692 da 1696 wani masassaƙi a Mosko ya fitar da labaran Littafi Mai Tsarki na Kirista cikin hotuna, shafi 36, domin wanda bai iya karatu ba. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, yana ajiye a San Fitasbag. Ɗan tilo, ana lallaɓa shi kamar ƙwai.

Masu burodin zuma na garin Tula, wanda aka ambaci sana'arsu a rubuce tun 1685, su ma da allon sassaƙa suke danna tsuntsaye, kifaye da rubutu a jikin ƙullu. Wannan shi ne hoton da za ka kalla, ka yaba, ka cinye. Ba ƙusa, ba manni, sai shayi.

Masu buga atamfar ƙauye kuwa suna danna allo mai ɗauke da wani haɗi a jikin farin ƙyalle, su tsoma shi a baba, inda haɗin ya taɓa ya fito fari a tsakiyar shuɗi. Marinan Ƙofar Mata, ga 'yan uwanku can cikin sanyi.

'Yan koli da hajarsu

Babbar kasuwar hotunan ta farko tana bakin ƙofar Spassky ta fadar Kremlin. A 1674 shugaban cocin Rasha ya hana sayar da hotunan waliyyai na takarda, yana cewa zanen ya karkace daga ƙa'ida. An yi hani, kasuwa ta ci gaba da ci.

Masu kai hotunan ƙauye 'yan koli ne da ake kira ofeni, yawancinsu daga lardin Vladimir. Da kaka su fita da akwati a baya ko kaya a keken doki, wasu har Saberiya, sai sanyi ya wuce su komo gona. Cin rani dai, sai dai nasu cin sanyi ne.

Inda manomi ba shi da kuɗi a hannu, ɗan koli ba ya juya baya: a ba shi ƙwai, hatsi ko ƙyallen saƙar gida, ya miƙa hoto. Kafin ya kai ƙauye na gaba, kayan sun sake zama haja. Ɗan kasuwa ba ya rasa ƙofar shiga.

'Yan kolin na da zaurancensu mai suna fenya, wanda suke ƙus-ƙus da shi kan farashi a gaban mai saye. Kalmarsu ta yabon kaya, klyovo, har yau matasan Rasha na faɗinta in abu ya burge su. Zancen kasuwa ya fi masu kasuwar tsawon rai.

Hoton addini kuwa ba a cewa an saye shi ko an sayar, sai dai a ce an yi musayarsa, saboda girmamawa. Kuɗi na fita daga wannan aljihu zuwa wancan, amma baki ba ya furta ciniki. Ladabi har a bakin akwati.

Wannan kiɗan da ke tashi a wasan Tetris, wanda ya zaga duniya tun 1989, asalinsa waƙar gargajiya ce ta Rasha a kan ɗan koli da akwatinsa. Duk wanda ya taɓa jera tubalan nan ya taka rawar ofeni bai sani ba. Talla ta kai inda ƙafa ba ta kai ba.

A gidan manomi kusurwa ɗaya ta hotunan ibada ce, sauran bango kuwa na lubok, har da cikin murfin akwatin amarya. Masaukin matafiya da tashoshin canjin dawaki ma duk a manne suke. Mai jiran doki ba ya rasa abin kallo.

Ƙidayar 1897 ta nuna cewa wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ya iya karatu a daular Rasha. Shi ya sa hoto ke ɗaukar yawancin labarin, ɗan rubutun ƙasa kuma yaron da ya je makaranta ya karanta wa gida. Ido ya ci, kunne ya ƙarasa.

A ranar kasuwa akwai mai akwatin leƙe, rayok, wato ƙaramar aljanna, domin labarin Adamu da Hauwa'u aka fara nunawa a ciki. Ka biya kobek, ka kafa ido a gilashi, yana murɗa hotuna yana zuba zance mai amsa-amo. Majigin kakanni kenan, mai shi ne lasifika.

Masu sana'a a kan takarda

Tauraron hotunan titi shi ne mai sbiten, ruwan zuma mai zafi da kayan ƙamshi, ɗauke da tulun jan ƙarfe naɗe da tsumma, kofuna a jere a ɗamara, zoben burodi rataye a kafaɗa. Direbobin keken doki da 'yan kasuwa ne manyan masu sayensa. Mai shayinsu ba ya jiran ka zo, shi ke zuwa.

Akwai wani sanannen hoto na ƙarni na 18: mai tuyar wainar fulawa tana bakin murhu, wani ɗan gaye ya zo da zancen soyayya, ita kuwa tana gargaɗinsa da mariƙin tanda. Wuta na ci, ƙullu na jira. Mai tuya ba ta zance sai ta sauke.

Wani hoton kuma dattijo ne zaune yana saƙa lapti, takalmin ɓawon lipa da talakan Rasha ya taka ɗaruruwan shekaru. Ƙafa ɗaya ba ta wuce mako ɗaya ko biyu, don haka mutum guda kan cinye wajen hamsin a shekara. Masaƙi ba ya hutu, ƙafa ba ta jira.

Wanzami ma ya samu shiga: ga shi da almakashi, ya riƙe gemun wani mai bin tsohuwar ɗariƙar coci, mai gemu na ja da baya. Hoton na tuna zamanin sarkin da ya dawo daga Turai a 1698 ya fara datse gemun fadawansa da hannunsa. Aski na dole, ba sabulu ba sannu.

Wanda ya ƙi aski sai ya biya haraji, babban attajiri har rubul 100 a shekara, manomi kuwa kobek ɗaya in zai shiga birni. Shaidar biya wani ɗan kwabo ne mai hoton hanci, gashin baki da gemu, kuma sai 1772 aka soke dokar. Gemu mai rasit, a aljihu ake ajiye hujjarsa.

Mai wasa wuƙa da dutsensa mai juyawa sananne ne a kowane titi, sai masu lubok suka mayar da shi mai wasa hanci. Ga masu dogayen hanci sun yi layi, yana rage musu tsawo ɗaya bayan ɗaya. Masu hura hanci, ga likitanku.

A wani hoto na ƙarni na 19 sa ne ya gaji da zama sa, ya rataye mahauci ya ɗauki wuƙar fawa. Talaka mai ubangida in ya kalla ya san inda aka dosa. Duniya juyi-juyi, wai kwaɗo ya faɗa ruwan zafi.

Beyar, ƙatuwar dabbar dajin Rasha, ta fito a hoto sanye da hula tana busa, akuya cikin shuɗiyar riga tana rawa da cokula. A wasan beyar na gaske yaro ne ke shigar akuya, kuma garin Sergach ya shahara da masu horar da beyar kafin a hana sana'ar a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Gardawa a ko'ina gardawa ne.

A hotunan akwai labarin alƙalin da talaka ya riƙa nuna wa ƙunshi a tsumma, ya zaci zinariya ce ya yanke hukunci a gefensa. Daga baya ya ji ashe dutse ne aka tanadar wa kansa in ya yanke akasin haka, sai ya hau godiya. Ranar dai kwaɗayi ya ceci ƙeya.

Hoton da ya fi kowane farin jini shi ne na ɓeraye suna jan gawar kyanwa a ɗaure zuwa makabarta, wasu da ganga, wasu da abinci, kowane da aikinsa a rubuce. Mutane da dama na ganin sarkin nan mai aske gemu, wanda ya rasu a 1725, ake nufi. Habaici ba ya kiran suna, mai shi ya san kansa.

Kyanwar hotunan 'yar garin Kazan ce, garin da ya yi suna da kyanwoyi masu farauta. A 1745 sarauniyar Rasha ta ba da umarni a kawo wasu daga can su yi maganin ɓerayen fada, kuma har yau ana kiwon kyanwoyi a ƙasan fadar San Fitasbag da ta zama gidan tarihi. Aikin gwamnati, da abinci da wurin kwana.

Lubok ne jaridar ƙauye: an buga hoton ƙaton kifin teku da aka kama a Farin Teku a 1760, an buga na giwar da aka kawo daga Farisa. Wanda bai taɓa fita ƙauyensu ba ya ga haure da idonsa. Labari da hoto, mai musu ya kama bakinsa.

Da aka buɗe layin dogo na farko a 1837, sannan na San Fitasbag zuwa Mosko a 1851, sai jirgin ƙasa ya hau bango da hayaƙinsa da fasinjojinsa a taga. Masu keken doki suna kallo suna lissafin abin da ke tafe. Sabon shiga ya zo da ƙafafun ƙarfe.

Titi da kogi

A 1817 an fitar da wata mujalla a San Fitasbag, wata-wata, mai hotuna 40 na 'yan talla da masu aikin hannu, duk an shafa musu launi da hannu. Ƙarƙashin kowane akwai cinikinsu da mai saye cikin Rashanci, Faransanci da Jamusanci. Mai tallar madara ta samu tafinta har biyu.

Baƙi ma sun ɗebi rabonsu: wani Bafaranshe ya shafe shekaru a Rasha daga 1758 ya koma Faris yana buga hotunan 'yan tallarta, wani Baturen Ingila kuma ya fitar da guda 100 a Landan a 1803 da 1804. Abin da ɗan gari ke wucewa bai kalla ba, shi baƙo ke tsayawa ya zana. Idon baƙo ya fi ganin gari.

'Yan garuwan San Fitasbag launin ganga ne alamarsu: fara ruwan kogin Neva na sha, rawaya na kogin Fontanka, koriya na magudanan birni domin wanki. Wanda ya zuba na koriya a fara ya gamu da tara. Tun daga nesa uwargida ta san abin da za ta saya.

Da sanyi ya kama, masu yankan ƙanƙara kan hau kogin Neva da zarto da gatari su fitar da manyan tubala, a ja su da doki zuwa rumbunan ƙarƙashin ƙasa domin lokacin zafi. Sunan tubalin a bakinsu aladen daji. Firjin da ba ya jin an ɗauke wuta.

Mai kunna fitilun titi na yawo da tsani a kafaɗa, kuma man da ake ba shi irin wanda ake ci ne. Da aka lura wani kaso na ƙarewa a tukunyar abinci, sai hukumar Mosko ta sa a gauraya shi da sinadari mai ɗaci da wari. Fitila ta ƙoshi, miya ta koma lami.

Direban keken doki na haya yana da lambar gwangwani rataye a bayansa, daidai idon fasinja. Masu arha manoma ne da ke shigowa birni da dokin gona lokacin sanyi, kuma kowannensu Vanka ake kiransa. Gari guda, suna guda, sai a bambanta da lamba.

Masu bugun dutse na farko sun ƙware wajen zana troika, keken dawaki uku, na tsakiya yana sassarfa, na gefe suna sukuwa. Ƙararrawar da ke rataye bisa na tsakiyan ita ke sanar da tasha ta gaba a shirya sababbin dawaki. Sallama tun daga nesa.

A kogin Volga mutane ne ke jan jiragen kaya da igiya a ƙirji, suna tafe a gaɓa, garin Rybinsk ne matattararsu. Masu zane sun adana kamanninsu kafin jirgi mai tururi ya kashe sana'ar. Gumin da ya bushe a gaɓa, takarda ta riƙe shi.

Hukuma, inji da zamani

A 1851 dokar tace hotuna ta tsananta, aka umarci maɗaba'un Mosko su lalata tsofaffin farantan da ba su da izini. Aka farfasa jan ƙarfen aka sayar wa masu zubin ƙararrawa. An hana shi magana a takarda, ya koma yi daga saman hasumiya.

Wani babban alƙali ya ƙare shekarunsa yana tsintar waɗannan takardu da manya ke rainawa, a 1881 ya fitar da bayaninsu cikin mujalladi biyar, ban da manyan kundayen hotuna. Ba don shi ba da yawancinsu sun bi hayaƙin murhu. Mai tsintuwa ya yi wa ƙasa ajiya.

A ƙauyen Mstera wani bawan gandu ya buɗe maɗaba'ar dutse a 1858, shekara uku kafin a 'yanta irinsa a 1861, ya riƙa cika akwatunan 'yan koli. Mata da 'yan matan ƙauyen suka samu aikin shafa launi. Ya 'yanta hannunsa kafin a 'yanta wuyansa.

Wani yaro daga lardin Kostroma ya zo Mosko yaron shago a wajen mai sayar da lubok, a 1876 ya sayi na'urarsa ta farko. Kafin a je ko'ina yana buga hotuna da kalandu miliyoyi da inji mai launi, ƙafar zomo ta yi ritaya. Sannu ba ta hana zuwa, shi kuwa har da gudu.

A bakin masu ilimin Rasha, a ce aikinka irin na lubok ne raini ne, ma'ana mai arha marar fasali. Sai ga shi a 1913 matasan masu zane sun shirya wa lubok baje koli a Mosko, suna koyon ƙarfin layi da launi daga gare shi. Abin da aka raina shi aka dawo ana yi wa layi.

A 1919, ana yaƙin basasa, takarda da injin bugu sun yi wuya, sai masu zane suka koma huda kwali suna shafa fenti ta ramukan. Suna manna hotunan a tagogin shagunan da kaya suka ƙare, suna kiran jama'a ga gyaran layin dogo da yaƙi da ƙwarƙwata mai kawo zazzaɓi. Shago ba burodi, amma taga cike da labari.

A zamanin Tarayyar Sobiyet ledar tsakar ɗaki mai kauri ta zama allo, domin tana da arha kuma wuƙa na ratsa ta cikin sauƙi. A kanta aka sassaƙa masu narka ƙarfe na tsaunukan Ural, masu tatsar shanu, da masu haƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa na Mosko da aka buɗe a 1935. Abin takawa ya hau bango.

Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Leningrad, wato San Fitasbag, ƙawanya kwana 872, daga 1941 zuwa 1944, masu bugu ba su ajiye aiki ba duk da yunwa. Sun zana mata da yara suna ɗibar ruwa ta ramin ƙanƙarar Neva, suna ja a kan ɗan katako. A nan kam sai mu cire hula.

A shekarun 1960, da iyalai suka tare a sababbin gidajen bene masu hawa biyar, hoton bugu mai arha ya sake zama kayan ɗaki. Magina, masunta da direbobi cikin baƙi da fari, a farashin da albashin ma'aikaci zai ɗauka. Jika ya koma kan al'adar kaka.

To jama'a, sarakuna sun bar manyan hotunansu a fada, amma fuskar mai sbiten, ɗan garuwa da masaƙin takalmi takardar kobek ɗaya ce ta kawo mana ita. Masu zanenmu na gida, ga mai shayi, ga mai ƙosai, ga maƙeri da dukawa a ƙofar gidanku: ku zana su tun suna nan, domin jikoki za su tambaya.